Mai Haƙuri Kan Dafa Dutse: Naman Sa da Dankali a Tukunyar Ƙasa



Shekarar da aka kai ni ɗakin miji, maigida ya shiga watanda da abokansa ana jajiberin ƙaramar salla. Kason da ya zo gidanmu rabinsa wuya ne da ƙwauri da jijiya. Ni kuwa amarya mai son a yaba, na hura wuta kamar maƙera, na zuba nama da dankali lokaci guda, na yi ta tura itace. Da na sauke, dankalin ya narke ya zama kunu, naman kuwa sai ka ce ƙirgi. Kwanon da aka kai wa baƙin maigida ya dawo an shanye romo, naman yana nan yadda ya tafi. Bai ce mini komai ba, amma ranar ko abinci ban iya ci ba don kunya.

Bayan 'yan makonni na je Gwaram gaida goggona. Da hantsi na ga ta ɗora irin wannan naman a wata baƙar tukunyar ƙasa, ta bari ya tafasa, sannan ta janye itacen ta bar garwashi, ta yayyafa masa toka. Daga nan ta shiga sabgoginta: ta yi surfe, ta yi wanki, har ta leƙa barkar haihuwa a maƙwabta. Bayan la'asar ta zuba dankali. Da aka yi magariba aka buɗe tukunya, ludayi kawai ta sa naman ya rabu da ƙashi. Na ba ta labarin abin da ya same ni, ta yi dariya ta ce, “'Yata, nama ba ya son faɗa, lallashi yake so.”

Wannan lallashin nake so mu tattauna a kai, domin a yadda nama ya yi tsada yanzu, babu uwargidan da za ta so kuɗin maigida su ƙare a gaban kare ko mage.

Me ke sa nama tauri?

Shanun da ake kawowa kasuwar Sara da sauran kasuwannin Gwaram da Birnin Kudu ba a ɗaure suka tashi ba. Yawancinsu sun shekara da shekaru suna yawon kiwo da neman ruwa, wasu ma sun ja garma ko amalanke. Duk gaɓar da dabba ta fi aiki da ita, kamar wuya da ƙirji da ƙwauri da jela, ta fi tara jijiya da farin tantani. Abin da ke cikin jijiyar nan masana suna kiran sa kolajin. Idan ya daɗe cikin ruwa mai zafi sai ya narke a hankali. Shi ne ke sa romon ƙafar sa ya yi danƙo a leɓe, ya kuma daskare idan ya huce.

To amma narkewar nan lokaci take ci, awa uku zuwa huɗu. Wuta mai ƙarfi ba ta gajarta wannan lokaci sosai, sai dai ta ƙone ruwan, ta sa tsokar ta takure ta matse romonta. Abin da ake so shi ne zafin da ya kusa tafasa amma bai yi ɓalɓal ba, wato ki ga ruwan yana ɗan motsi, kumfa na tasowa ɗai-ɗai. Tukunyar ƙasa ta fi kowace iya wannan aiki, saboda tana jinkirin ɗaukar zafi, tana kuma jinkirin sakin sa.

Wato dai yankin naman da wasu ke rainawa a wajen mahauci, shi ne ya fi daɗi a irin wannan dahuwa. Zallar tsoka kuwa idan ta daɗe a wuta bushewa take yi.

Don Allah a bar jefa ƙwaya a tukunya

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo, ta jefa ƙwayar farasitamol cikin nama wai don ya yi saurin laushi. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Maganin nan idan ya wuce ƙima hanta yake ɓatawa, yana kuma iya taɓa ƙoda. Wadda ta jefa shi a tukunya ba ta san adadin da zai shiga cikin ɗan shekara uku ba, ko mai juna biyu, ko tsohon da dama yana shan wasu magunguna. Ita ma kanwa, duk da mun gaje ta, idan ta yi yawa tana baƙanta romo, ta kashe ɗanɗano, ta kuma lalata wani sashe na bitamin B da ke cikin naman. Awa biyun da ake son a tsallake ba su kai lafiyar iyali daraja ba.

Zaɓen dankali

Akasarin dankalin Turawan da muke saya daga Jihar Filato yake zuwa, musamman yankunan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda sanyin tsaunuka ya dace da shi. Kafin ya iso mana ya sha hanya, wani lokaci ya sha rana a kasuwa. Don haka ki duba da kyau. Ki zaɓi mai ƙarfi, wanda bai yamutse ba. Wanda bawonsa ya yi kore ko ya fara tsiro yana tara wani guba mai suna solanin, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Idan koren kaɗan ne ki yanke shi da zurfi ki cire tsiron. Idan ya yi yawa, ko kin ɗanɗana kin ji ɗaci, zubar da shi ya fi alheri. A gida kuma ki ajiye shi a wuri mai duhu da iska, ba cikin leda ba.

In dankalin Turawa ya yi tsada, dankalin Hausa da ake nomawa a yankinmu yana yi. Sai dai ya fi saurin dahuwa, kuma yana da zaƙi, don haka ki ɗan ƙara yaji da daddawa.

Kayan haɗi (na mutum shida zuwa takwas)

- Naman sa mai jijiya da ɗan ƙashi, kilo 1
- Dankalin Turawa madaidaita, guda 10
- Albasa manya 2
- Tumatir 4, tattasai 3, attarugu 2
- Karas 3, in akwai
- Tafarnuwa sala 4 da ɗanyar citta kamar ɗan yatsa
- Masoro, kanumfari da kimba, kaɗan-kaɗan
- Daddawa ƙwaya 1
- Man gyaɗa, ƙaramin ludayi 1
- Gishiri da dunƙule
- Lawashi

Yadda ake haɗawa

Ki yanka naman manya-manya, kamar girman ƙwan kaza, domin ƙananan yanka dagargajewa suke yi. Ki wanke ki tsane shi sosai. Ki daka tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari da kimba, ki cuɗa naman da su tare da gishiri, ki bar shi kamar rabin awa a inuwa.

Ki ɗora tukunyar ƙarfe ko kasko, ki zuba mai, in ya yi zafi ki soya naman kashi biyu ko uku har bayansa ya yi ja. Kada ki cika tukunyar, in ba haka ba ruwa zai fitar ya koma sulale. Wannan suyar ce ke ba romo launi da ƙamshi, kada ki tsallake ta. A cikin man da ya rage ki soya albasa ɗaya, ki zuba jajjagen tumatir da tattasai da attarugu, ki bari tsamin ya fita. Ki ɗan zuba ruwa ki kankare abin da ya kama a ƙasan tukunyar, daɗin yana nan.

Yanzu sai ki juye komai a tukunyar ƙasa, ki sa daddawa, ki zuba ruwan zafi ya ɗan rufe naman kawai. Ki bari ya tafasa sosai kamar minti goma, sannan ki janye itacen ki bar garwashi, ko ki mayar da tukunyar kan kurfoti. In garwashin ya yi ƙarfi ki yayyafa masa toka. Ki rufe da murfin da ya zauna daidai. Duk bayan awa guda ki leƙa wutar ki ƙara gawayi biyu ko uku. In ruwa ya yi ƙasa ki ƙara na zafi, domin ruwan sanyi yana iya tsaga tukunyar ƙasa mai zafi.

Bayan awa uku ki soka cokali mai yatsu. In ya shige ba gardama, lokacin dankali ya yi. Ki fere shi ki raba biyu, ki zuba tare da karas da ragowar albasa da dunƙule. Minti 30 zuwa 40 sun ishe shi, na Hausa kuwa minti 20 zuwa 25. Kada ki yi ta juyawa, ki riƙa ɗan girgiza tukunyar. In kina son romo mai kauri, ki tsamo dankali biyu ki murƙushe ki mayar. Ki watsa lawashi, ki sauke, ki bari ya huta minti goma.

A lissafi, wadda ta ɗora bayan azahar za ta zuba dankali wajen ƙarfe biyar da rabi, ana idar da magariba abinci ya sauka. Ana ci haka nan, ko da gurasa, funkaso, sinasir ko farar shinkafa.

Dahuwar lulluɓi

Ga malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ba ta wuni a gida, ga wata dabara. Ki tafasa naman a tukunyar ƙarfe mai murfi na tsawon rabin awa, ki zuba dankalin manya-manya, ya ƙara tafasa minti goma. Ba tare da kin buɗe ba, ki sauke ki naɗe tukunyar da tsohon bargo, ki saka ta cikin kwando ko kwalin da kika shimfiɗa wa tsummoki ko buhun ƙaiƙayi, ki danne samanta da matashi. Zafin da ta ɗauka zai ci gaba da dafa ta awa huɗu zuwa biyar. A kan wannan hikimar wata mata 'yar Afirka ta Kudu, Sarah Collins, ta ƙirƙiro jakar girki mai suna Wonderbag a 2008, lokacin da ƙasarsu ke fama da ɗauke wuta.

Tukunyar ta kasance kusan a cike, domin rabin tukunya saurin hucewa take yi. In kin buɗe kin tarar ba ta tururi, ki sake tafasa ta sosai kafin a ci. Ribar wannan hanya ba ta tsaya ga rage kuɗin itace da gas ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gidaje, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da yara su suka fi shaƙar hayaƙin. Duk awar da kika rage a gaban murhu, ƙirjinki kika hutar.

Mai tukunyar lantarki fa?

Wasu amare ana sa musu ita a kayan ɗaki, takan shekara a kwali ba a taɓa ba. Wani Ba'amurke, Irving Naxon, shi ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1940, kuma a 1971 kamfanin Rival ya fito da ita kasuwa da sunan Crock-Pot. Cikinta tangaran ne mai kauri, wato dai tukunyar goggo ce aka sa wa waya.

Ita dokarta daban. Dankali da karas ake fara shimfiɗawa a ƙasa tun farko, nama a sama, domin a cikinta kayan lambu sun fi jinkirin dahuwa. Ruwa kaɗan take so, kofi biyu sun isa, tun da ba ya ƙonewa. A ƙaramin zafi awa takwas, a babba awa huɗu zuwa biyar. Kada a sa daskararren nama, kada a riƙa buɗe murfi. Babbar matsalarta a wajenmu ɗauke wuta. In an ɗauke kina gida, ki juye a tukunya ki ƙarasa a murhu nan take. In kuwa kin dawo kin tarar ta huce, ba ki san tun yaushe ba, kuma naman bai dahu ba, kada ki ba iyali.

Abin kiyayewa

Da sanyin hunturu wasu kan shigar da kurfoti ɗaki, a yi girki a kuma ji ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari da ke kashe mutum cikin barci in ɗakin a rufe yake. Ki bar shi a tsakar gida ko madafi mai iska, nesa da inda yara ke guje-guje. Sabuwar tukunyar ƙasa kuma ki jiƙa ta ta kwana, ki fara tafasa ruwan gasara a ciki kafin ki sa mata nama. Abincin da ya rage kada ya wuce awa biyu a ajiye: ya shiga firji, da safe kuma a ƙara tafasawa kafin a ci.

Goggona ta ba ni ƙaramar tukunya ranar da zan dawo, na rungumo ta a cinya a mota har gida. Sallar da ta zagayo maigida ya sake shiga watanda, aka kuma kawo wuya da ƙwauri. Wannan karon kwanon baƙi ya dawo ba komai sai ƙashi, har da saƙon ko akwai saura.

Ki gwada a ƙarshen makon nan, uwargida. A ci daɗi lafiya, sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.