Ɗan Kwangila ko Ma'aikaci: Matsayin Masu Rubuta Bayanan Likitoci a Amurka

Manufar wannan takarda ita ce duba zaɓin da ke gaban akawun da ke sauraron muryar likita da aka naɗa yana mayar da ita rubutu, watau ko ya zama ma'aikacin kamfani, ko ɗan kwangila mai zaman kansa.

Galibi da layi ake biya, layi guda kuwa akan ƙidaya shi harafi 65. Ɗan kwangila shi ke tsara lokacinsa, sau da yawa kuma farashin layinsa ya ɗara na ma'aikaci. To, amma a nan gizo ke saƙa. Harajin fansho da lafiyar tsofaffi, kashi 15.3 cikin ɗari, shi kaɗai zai ɗauke shi, alhali ma'aikaci 7.65 yake biya, kamfani ya cika sauran. Haka nan dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta tanadi mafi ƙarancin lada da kuɗin ƙarin lokaci, ba ta shafe shi ba. Ran da aiki bai zo ba, ba shi da ko anini.

Hukumar haraji kuwa ba ta tsayawa ga sunan da aka rubuta a yarjejeniya. Idan kamfani ne ke yanka wa akawu lokaci, yana shata masa yadda zai yi aiki, to alamar ma'aikaci ce.