Kiredit Biyar Ga Wanda Ya Bar Sakandare da Saura

A Ƙofar Atiku da sauran unguwannin tsohon birnin Sakkwato akwai magidanta da matan aure da yawa da karatunsu ya tsaya a bakin gaɓa. Wani rasuwar mahaifi ce ta tura shi kasuwa, wata aure aka yi mata tana aji biyar. Wani kuwa ya gama har aji shida, amma Turanci ko Lissafi ya kayar da shi, ya jefa takardar a ƙasan akwati. Yawancinsu sun ɗauka ƙofa ta rufe. Ba ta rufe ba.

Abin da jami'a ko kwaleji ke nema shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Kiredit yana kamawa daga A1 zuwa C6; D7 da E8 tsira ce kawai, F9 kuwa faɗuwa. Abu biyu ne mutane ba su cika sani ba. Sakamakon WAEC ko NECO ba ya tsufa, ko na shekara ashirin ne. Sannan kwasa-kwasai da yawa suna karɓar zama biyu, wato a haɗa tsohon sakamako da sabo. Wanda ke da kiredit uku tun yana saurayi, cike giɓi ne a gabansa, ba sabon gini ba. Sai dai kwas irin na likitanci kan nemi zama ɗaya, don haka a tambayi makarantar tun kafin a kashe kuɗi.

Babu kuma mai tilasta wa dattijo sa kayan makaranta ya zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. WAEC na da jarabawar masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, a ƙarshen shekara, kuma tun 2018 ta ƙara wani zango a farkonta. NECO na da tata wajen Nuwamba da Disamba. Ana rajista ta intanet, da lambar NIN. Daga 2024 WAEC ta fara shigo da kwamfuta cikin jarabawar masu zaman kansu, saboda haka wanda bai taɓa danna ta ba ya fara koyo tun yanzu. Mata kuwa suna da Cibiyar Ci Gaba da Karatun Mata a nan Sakkwato, wadda aka kafa domin waɗanda aure ko wata larura ta yanke wa karatu.

Babban cikas, a ganina, kunya ce, kuma a wannan gari ba ta da hujja. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Danfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru ne domin matan da ɗawainiyar gida ta tsare, inda malamai mata da ake kira jajoji ke kai musu karatu har ƙauyukansu. Yaƙi da Jahilci na gwamnatin Arewa a shekarun 1950 ma manya aka nufa da shi. Gemu bai taɓa hana ilimi a Sakkwato ba.

Amma fa a yi hattara da masu cewa a kawo kuɗi su "gyara" komai. Hukumomin jarabawa suna riƙe sakamako ko su soke shi idan sun gano satar amsa, kuɗi su tafi, shekara ta tafi. Wanda kuma ya tsallake da amsar wani, jarabawar shiga jami'a ta JAMB na jiran sa a gaba, sannan ga aji a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ba mai rubuta masa. Gara lesin yamma da tsofaffin tambayoyi, sa'a guda bayan Isha'i, ko da yaron gida ne zai riƙa bita da shi.

Mai karatu, in kana da tsohon sakamako, ka fito da shi ka ƙirga kiredit ɗinka. In matarka ce ke da shi, ka biya mata kuɗin rajista, ka kuma sama mata mai riƙe yara a ranakun jarabawa.