Abin da ke raba ƙungiyoyin ƙwallo da magoya bayansu

A watan Oktoban 2025 hukumar da ke shirya gasar Firimiya ta Najeriya ta hana ƙungiyar Kano Pillars yin wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ta kuma umarce ta da ta koma Katsina da buga wasanninta na gida.

Hukuncin ya biyo bayan hargitsin da aka yi a wasan da ƙungiyar ta yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, da Shooting Stars ta Ibadan, inda wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi, bayan da aka farke ƙwallon Pillars ana daf da tashi.

Baya ga korar, an ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9 da rabi, aka kuma zaftare mata maki uku da ƙwallaye uku.

Wannan ɗaya ne daga cikin jerin lokutan da ƙungiyar da ake yi wa kirari da "Sai Masu Gida" ta wayi gari tana baƙunta a gidan wasu. Lamarin ya shafi masu sha'awar ƙwallo har a arewacin jihar Jigawa, a garuruwa irin su Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda ƙungiyar jiharsu ma ta ɗanɗana irin wannan gudun hijira.

Darajar gida

An kafa Kano Pillars ne a shekarar 1990, lokacin da Jigawa ke cikin tsohuwar jihar Kano, domin sai a watan Agustan 1991 aka ƙirƙiro sabuwar jihar. Saboda haka ƙungiyar ta fara rayuwarta ne a matsayin ta mutumin Gumel kamar yadda take ta mutumin Fagge.

Ta lashe gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da kuma 2014. A 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, bayan da ta fitar da Al Ahly ta Masar.

Kusan duk wannan suna a Kano aka gina shi. Ƙungiyar ta shafe shekara 12 ba a ci ta a gida ba a wasannin gasar ƙasa, daga 2003 har zuwa Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta doke ta da ci biyu da ɗaya.

Shi kansa filin Ƙofar Mata yana da tarihi. An buga wasannin gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, da na cin kofin ƙasashen Afirka a 2000, da kuma na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

A gasar Najeriya, inda cin wasa a waje ke da matuƙar wuya, raba ƙungiya da filinta tamkar raba ta da rabin ƙarfinta ne.

Dalilai uku

Idan aka duba shekarun baya, za a ga abubuwa uku ne ke fitar da ƙungiyoyin Arewa daga gidajensu.

Na farko shi ne larura ta gaggawa. A 2020 an mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu cutar korona, abin da ya sa Pillars ta koma filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, mai nisan fiye da kilomita 200 daga Kano. Kafin nan, rikicin Boko Haram ya tilasta wa El-Kanemi Warriors barin Maiduguri, ta yi zaman aro a Kano da Katsina, sai a 2016 ta koma gida.

Na biyu shi ne lalacewar fili ko rashinsa baki ɗaya. Hukumar gasar tana duba ciyawar fili, da ɗakunan sauya kaya, da shingen da ke raba 'yan kallo da 'yan wasa, kafin ta amince a yi wasa a wuri. Filin da bai cika sharuɗɗa ba, ƙungiyarsa sai ta nemi na aro.

Wannan ne ya sami Jigawa Golden Stars. Ƙungiyar, wadda a da take karɓar baƙi a Haɗeja, ta hau rukunin Firimiya a 2019, amma sai ta riƙa buga wasanninta na gida a wajen jihar, da farko a Kano, daga bisani a Kaduna. A 2021 ta sake faɗawa rukuni na ƙasa.

Wato dai a tsawon kaka biyu da ƙungiyar jihar ta yi tana gogayya da manya, mai goyon bayanta a Maigatari ko Sule Tankarkar ba shi da hanyar ganin ta sai ya ƙetare iyakar jiharsa.

Na uku kuwa shi ne tarzomar 'yan kallo, kuma shi ne ya fi yi wa Pillars illa.

Darasin 2022

A watan Afrilun 2022 ƙungiyar ta dawo Ƙofar Mata bayan dogon zaman Kaduna. A wasanta da Katsina United aka yi rikici, aka farfasa motar baƙin, wasan bai kai ƙarshe ba.

Hukumar gasar ta wancan lokaci ta ci ta tarar naira miliyan 9, ta ƙwace mata maki uku, ta kuma tura ta filin Moshood Abiola da ke Abuja. Abin da magoya baya suka daɗe suna jira, a yini guda ya kuɓuce musu.

A watan Yunin shekarar aka sake zaftare mata maki uku, bayan da aka samu shugaban ƙungiyar na lokacin da laifin cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarsu da Dakkada.

Da kakar ta ƙare, Pillars da Katsina United duka sun faɗa rukuni na ƙasa, kuma sai a 2023 suka dawo tare.

Magoya bayan sun rabu gida biyu a kan irin waɗannan hukunce-hukunce. Wasu na ganin ana azabtar da dubban mutanen da suka sayi tikiti suka zauna lafiya, saboda laifin 'yan tsiraru, suna kuma ƙorafin cewa rashin adalcin alƙalai da ƙarancin jami'an tsaro ne ke haddasa fitinar tun farko.

Wasu kuma na ganin babu wani uzuri da zai halatta dukan alƙali ko baƙo, kuma muddin ba a kama masu laifin an gurfanar da su ba, ƙungiyar ce za ta ci gaba da biyan bashin da ba ita ta ci ba.

Kowane ɓangare na da abin kamawa, domin kuwa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bayan hargitsin 2025, Ahmed Musa, wanda aka naɗa babban manajan ƙungiyar a watan Yulin shekarar, ya fito fili ya nemi afuwa. Ba a yi wata guda ba kuma aka kori Katsina United daga nata filin, sakamakon tarzoma a wasanta da Barau FC ta Kano.

Wa ke biyan kuɗin?

Tara dai daga asusun gwamnatin jiha take fita, amma asarar da ta fi yawa ba ta shiga lissafin hukuma.

Ranar wasa a Ƙofar Mata ranar kasuwa ce ga masu sayar da ruwan leda da rake da gyaɗa, da masu buga riguna da tutoci, da direbobin A Daidaita Sahu. Da zarar an ɗauke wasa, cinikin ya bi shi.

Ga mai kallo kuma akwai kuɗin mota. Daga Gumel zuwa Kano tafiya ce ta fiye da kilomita 100, wadda mutum zai iya yi ya kwana a gidansa. Idan wasan ya koma Katsina ko Kaduna ko Abuja, tafiyar ta zama ta kwana, ga abinci ga masauki.

Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsananta lamarin. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024.

A halin da ake ciki kuma, gidajen kallon ƙwallo na nuna wasannin Ingila da Sifaniya a kusan kowace unguwa a kan kuɗi kaɗan. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin ƙungiyar jiharsa ido da ido ba, da wuya ya fifita ta a kan Arsenal ko Real Madrid. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Yadda abin yake a Amurka

Rabuwar ƙungiya da garinta matsala ce da ake fama da ita har a ƙasashe masu arziki, sai dai sanadin ya bambanta.

A Amurka ƙungiyoyin wasa mallakar attajirai ne, kuma mai ƙungiya na iya ɗauke ta ɗungurungum zuwa wani birni, idan sauran masu ƙungiyoyi suka amince. Sau da yawa ana amfani da barazanar ƙaura ne don tilasta wa hukumomin birni su gina sabon fili da kuɗin haraji.

Misali na kusa shi ne ƙungiyar Athletics ta wasan besbol, wasan da ake bugun ƙaramar ƙwallo da kulki, wanda Amurkawa ke ɗauka a matsayin wasan gado. Ƙungiyar ta zauna a birnin Oakland na jihar Kalifoniya tun 1968, bayan ta baro Kansas City, wanda shi ma daga Philadelphia ta je masa.

Filin Oakland ya tsufa matuƙa, har ta kai a 2013 ruwan masai ya malalo cikin ɗakunan 'yan wasa. An shafe shekaru ana tattaunawa tsakanin birnin da mai ƙungiyar, John Fisher, kan gina sabo, ba a cimma matsaya ba.

A 2023 ƙungiyar ta bayyana aniyar komawa Las Vegas, inda jihar Nevada ta amince ta ba da tallafin da ya kai dala miliyan 380 na kuɗin jama'a.

Magoya bayan sun zargi Fisher da sayar da ƙwararrun 'yan wasa da ƙara kuɗin tikiti da gangan, domin fili ya zama wayam ya sami hujjar tafiya. Don su ƙaryata zancen cewa birnin ba ya son ƙungiyar, sai suka shirya wata irin zanga-zanga ranar 13 ga Yunin 2023. Maimakon su ƙaurace wa wasa, mutum fiye da 27,000 suka hallara, sanye da korayen riguna masu kira ga Fisher da ya sayar da ƙungiyar.

Hakan bai hana komai ba. A watan Nuwamban shekarar dukkan masu ƙungiyoyi suka amince da ƙaurar. An buga wasan ƙarshe a Oakland ranar 26 ga Satumban 2024 a gaban mutum sama da 46,000, kuma a 2025 ƙungiyar ta koma wani ƙaramin fili a yankin Sacramento, kafin a kammala na Las Vegas da aka tsara buɗewa a 2028.

A Ingila kuwa magoya baya sun bi wata hanyar. Da aka ba ƙungiyar Wimbledon ta kudancin Landan izinin komawa Milton Keynes a 2002, sai suka kafa tasu, AFC Wimbledon, suka fara daga can ƙasa. A 2011 ta shiga rukunin ƙwararru, a 2020 kuma ta tare a sabon filinta, daf da inda tsohon yake.

Abin da ke hannun magoya baya

Bambancin da ke tsakanin Oakland da Kano ko Dutse a bayyane yake. Yawancin ƙungiyoyin Firimiyar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, haka ma filayen. Babu wani attajiri da zai iya ɗauke Kano Pillars ya kai ta Legas, ko ya sayar da Jigawa Golden Stars ga wata jiha.

Wannan na nufin magoya baya a nan suna da damar da takwarorinsu na Oakland ba su samu ba. Wanda ke da alhakin gyara fili gwamna ne da kwamishinansa, kuma kasafin kuɗin wasanni a majalisar jiha ake zartar da shi, inda Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar duk suke da wakilai.

To sai dai mallakar gwamnati na da nata aibin. Shugabannin ƙungiya kan sauya da sauyin siyasa, kuma kula da ciyawa aiki ne na kowace rana, wanda ba a yi masa bikin yanke ƙyalle, don haka sau da yawa akan bar fili sai ya lalace sannan a ba da kwangilar gyara.

Masu neman sauyi kan ba da misali da Remo Stars, ƙungiya mai zaman kanta da ke da nata filin a Ikenne ta jihar Ogun, wadda ta lashe gasar ƙasa a 2025.

Dangane da tarzoma kuwa, matakan da ake yawan ambata sanannu ne: sayar da tikiti daidai da yawan kujeru, da ƙarfafa shinge, da horar da masu kula da 'yan kallo, da sanya kyamarori domin a hukunta mai laifi shi kaɗai. Ƙungiyoyin magoya baya su ma suna da rawar takawa, tun da su suka san masu tayar da fitinar a cikinsu.

Cikin dalilai ukun da ke raba ƙungiyoyin Arewa da gidajensu, annoba da rikicin tsaro ne kaɗai suka fi ƙarfin masu ƙwallo. Gyaran fili na hannun gwamnatocin jihohi, zaman lafiya a ranar wasa kuma na hannun jami'an tsaro da shugabannin ƙungiya da su kansu 'yan kallo.