Yadda Yis Yake Jure Wa Tsami

Duk macen da ke toya waina ta san ƙullu yakan yi tsami idan ya kwana. Amma duk da tsamin, ƙullun yana tashi. Ina dalili?

Yis abu ne mai rai. Ƙwayarsa ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Yana cin zaƙin da ke cikin ƙullu, ya fitar da iska. Iskar nan ce ke kumbura ƙullu. Tsamin kuwa wasu ƙwayoyi ne dabam ke kawo shi, irin masu mai da madara nono.

Tsami mai yawa yana kashe ƙwayoyi iri-iri. Idan ya shiga cikin ƙwayar yis, yana iya tsai da aikinta. To, amma yis ya gaji dabarar kare kansa.

Kowane mai rai yana da ƙwayoyin gado. Su ne umarnin da jiki ke bi, kamar yadda irin gero ke ba da gero, ba dawa ba. A shekarar 1996 masana suka gama karanta na yis. Sun sami wajen 6,000.

Ɗaya daga ciki, mai suna Pma1, yana ƙera ɗan famfo a fatar yis. Famfon yana fitar da tsami waje, kamar mai kwalfe ruwa daga ɗaki da damina. Wani kuma, Haa1, kamar mai kiran gayya yake. Da zarar tsami irin na ruwan kal ya shigo, sai ya ta da wasu ƙwayoyin gado da dama su kama aiki.

Wannan aiki yana cin ƙarfi. Idan tsami ya yi yawa, ƙarfin yis yakan ƙare wajen kare kai, sai tashin ƙullu ya yi nawa. Don haka kada a bar ƙullu ya daɗe cikin zafi. Ɗan ruwan kanwa yana rage tsami.

Masu sai da zoɓo da kunun zaƙi su ma su lura. Tsami kaɗai ba ya hana su lalacewa, domin yis na iya rayuwa a ciki. Idan gora ta kumbura, ko ta yi kumfa da aka buɗe, to abin ya fara juyawa. A wanke gora sosai, a ajiye a wuri mai sanyi, a kuma yi daidai abin da za a sayar a ranar.