Mene ne zanen da ake fitarwa da asid?

Mai zane Bruce Onobrakpeya, wanda aka baje kolin ayyukansa a Washington a 2024, ya yi suna da wannan irin zane, wato wanda ake ƙwaƙulewa a jikin ƙarfe sannan a buga a takarda.

Ga yadda ake yi. Mai zane zai shafe farantin jan ƙarfe ko tutiya da kaki, ya ja layukansa da allura har ƙarfen ya bayyana. Sai a tsoma farantin cikin asid, ruwan nan mai cin ƙarfe, ya cinye inda allura ta bi kawai. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge sama, a danne da takarda mai damshi a injin matsi. Faranti ɗaya yana ba da kwafi da yawa, shi ya sa zanen kan kai hannun mutanen da ba za su iya sayen na fenti ba. A ganina wannan ne babban ƙarfinsa.

An haifi Onobrakpeya a 1932 a Agbarha-Otor, jihar Delta ta yau, kuma a Zariya ya yi karatun zane daga 1957. Bayan gwamnatin soja ta rataye ɗan gwagwarmaya Ken Saro-Wiwa a 1995, ya yi jerin ayyuka kan zaluncin mahukunta da ɓarnar da haƙar mai ta yi wa manoma da masuntan Neja Delta. Tun 1998 yake tara matasan masu zane a garinsu yana koya musu sana'ar.