Hawan jini: yadda magani ke buɗe hanyar jini

Ƴan uwa masu karatu na Tasawa da Mayahi, duk wanda ya taɓa ban ruwa a garka ya san tiyo. In an matse tiyo, ruwa yana fita da ƙarfi. Haka jijiyoyin jininmu suke. A bangon jijiyoyin jini akwai tsoka mai laushi, wadda ba mu iya motsa ta da nufinmu. In ta ɗaure, hanya ta ƙuntata, jini ya hau.

Me ke sa ta ɗaure? Ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi tsokar nan. Kowace ƙwaya tana riƙe da ɗan ƙarfin lantarki, kamar batirin rediyo. A jikinta akwai ƙofofi. Wata ƙofar ta sinadarin fotasiyam ce, wata ta kalsiyam. Shigar kalsiyam cikin ƙwaya ita ke sa tsoka ta ɗaure.

Akwai magungunan da ke buɗe ƙofar fotasiyam. Da ta buɗe, sai fotasiyam ya fita waje. Fitarsa tana kwantar da lantarkin ƙwayar, ƙofar kalsiyam ta rufe, tsoka ta saki. Nan jijiya ta faɗaɗa, jini ya sauka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Minoxidil, wanda aka yarda da shi a Amurka a 1979. Yana da ƙarfi ƙwarai. Yakan sa zuciya bugawa da sauri, ƙafafu su kumbura, gashi ya tsiro a jiki. Shi ya sa likita ke haɗa shi da wasu magunguna. Amlodipine kuwa, wanda aka fi ba mu a nan, ƙofar kalsiyam yake rufewa kai tsaye.

Abin lura shi ne, in maganin ya ƙare a jiki, jijiya takan sake ƙuntata. Wanda ya bar sha don ya ji sauƙi, jininsa zai koma ya hau, kuma shanyewar ɓarin jiki tana iya biyo baya.

Don haka mu je gidan likita a auna mu. In awo ya kai 14/9 ko ya wuce, mu bi shawarar likita. Kada mu sayi maganin hawan jini a hannun ƴan talla. Mu rage gishiri da kanwa a abinci, domin suna ƙara hawan jini.

Allah ya ba mu lafiya.