Beli Da Taskun Masu Asalin Bauta: Darasi Daga Birnin Ƙonni

A duk shari'ar da ta shafi duka da gorin asali, tambayar farko ita ce: wa zai kwana a kurkuku kafin a gama shari'a? Labarin Hadijatou Mani, 'yar Jamhuriyar Nijar, ya nuna nauyin wannan tambaya.

A shekarar 1996 aka sayar da ita tana da shekara 12, a kan Sefa 240,000. Ta yi shekara tara tana bauta da shan duka. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta auri wanda take so sai ya kai ƙara, wai matarsa ce. A 2007 kotun Birnin Ƙonni ta ɗaure ta wata shida, alhali Nijar ta haramta bauta tun 2003. Sai da ta yi kimanin wata biyu a tsare kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Yamai ta ba da umarnin a sake ta na wucin gadi. Ran 27 ga Oktoba, 2008, Kotun ECOWAS ta ce gwamnati ta kasa kare ta, ta biya ta diyyar Sefa miliyan 10.

A Indiya kuwa, dokar 1989 ta hana wanda ake zargi da cin zarafin 'yan Dalit, waɗanda ake raina asalinsu, samun beli tun kafin a kama shi, don kada ya razana mai ƙara.

Ashe ke nan wajibi ne alƙali ya auna ƙarfin kowane ɓangare kafin ya ba da beli ko ya hana.